Ƙaramin macijin da ke fitowa bayan ruwa



In ruwa ya sauka, mai huɗa ko mai gyaran rake a fadama yakan tono wani ɗan maciji mai santsi, mai sheƙi, kamar tana. Wani siriri ne kamar zare, bai wuce taki ɗaya ba. Wani ya fi kauri, yakan kai kamu. Kansa da wutsiyarsa kusan iri ɗaya ne, shi ya sa yara ke cewa mai kai biyu. Kansa ɗaya ne. Idanunsa na ƙarƙashin fata, haske da duhu kawai yake ganewa, don a cikin ƙasa yake zaune.

Wannan maciji ba shi da dafi. Ƴar ƙayar da ke bakin wutsiyarsa ba ta harbi, da ita yake dogarawa in zai kutsa cikin ƙasa. Abincinsa gara da ƙwan tururuwa. Duk wanda gara ta taɓa ci wa rumbu ya san wannan ba abokin gaba ba ne. Can ƙasashen Asiya, kamar Indunusiya da Malesiya, akwai wasu ƙananan macizai masu ɓuya ƙarƙashin ganye suna cin tana, su ma ba su da dafi, amma babu irinsu a Afirka.

To, sai dai a yi hattara. Akwai wani baƙin maciji na cikin ƙasa da ke kama da shi ƙwarai, shi kuwa yana da dafi. Yana da idanu ƙanana a fili, amma da dare wa zai tsaya duba ido? Haƙorinsa dogo ne, ta gefen baki yake fitowa. Ko ka riƙe shi a bayan kai, sai ya karkata ya soki yatsa. Wurin yakan kumbura da zafi mai tsanani, wani lokaci yatsan ya lalace.

Saboda haka kada a ɗauki kowane da hannu, a hana yara. A ture shi da hauya zuwa bakin gona.

In an sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe tun kafin kumburi, a kwantar da shi a amalanke ko mota, a kai shi likita nan da nan, ko Matamaye in ta kama. Kububuwa ma ƙarama ce, kuma saranta yakan sa jini ya ƙi tsayawa.