Kindirmo a Kan Rishon Lantarki

 Daga Madawa har Buza da Keita, shirinmu na yau na matan da ke haɗa kindirmo a gida ne.

A watan Afrilu ba mai kuka. Zafi ya haura digiri 40, ɗaki kansa ya isa, kafin asuba nono ya yi barci. Hunturu ne ke tona asiri. Uwargida ta dama madarar gari, ta zuba iri, ta rufe, gari ya waye ta tarar da ita tsululu. Ba hannunki ba ne, Hajiya, kuma ba baki aka yi miki ba. Ƙwayoyin halittar da ke juya madara ta zama kindirmo sun fi aiki tsakanin digiri 40 zuwa 45. Sanyi na sa su kasala, zafi mai yawa kuma ya kashe su.

Shi ya sa wasu ke komawa ga rishon lantarki. To, a nan ake kuskure. Risho ba ya tsayawa a ɗumi ɗaya: ya kama, ya yanke, ya sake kamawa. Duk wadda ta ɗora madara kansa kai tsaye, ƙasa zai kama, sama na sanyi.

Sai a sa ruwa a tsakani. Babbar tukunya da ruwa a kan risho, a lamba mafi ƙasa. Robar nono, a rufe, ta zauna cikin ruwan bisa ƙaramin faranti, kada ta taɓa gindin tukunya. Mai ma'aunin zafi ta duba. Wadda ba ta da shi ta tsoma yatsa, in ta jure ba ta janye ba, ɗumin ya yi. Awa 6 zuwa 8, ba motsawa, ba yawan leƙe, mun san halin wasu.

Ruwan nan yana da wata rana. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, da Nijeriya ta katse mana lantarki. Ruwa ba ya saurin hucewa, ko an ɗauke wuta, a sauke tukunya a lulluɓe ta da bargo, aiki ya ci gaba. Iyayenmu Fulani sun daɗe suna rufe ƙwarya a lungu mai ɗumi.

Roƙonmu ɗaya: kada bargo ya kusanci risho a kunne, kada jiƙaƙƙen hannu ya taɓa waya, a kuma janye yara.