Rumbun tsimi da dabarun adana cimaka a kudancin Nijar

1. Gabatarwa

A wannan taƙaitaccen nazari za mu duba hanyoyin da manoman Maraɗi, Damagaram da Tawa suke bi wajen adana cimaka domin shekarar fari. Tarihin yankin ya nuna dalilin wannan tanadi: yunwar Kakalaba ta 1913-1914, farin 1973-1974, da yunwar 1984-1985 wadda talakawa suka laƙaba wa suna El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya.

2. Hatsi da wake

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne, manomi ba ya sussuke geron da yake son ya daɗe. Yakan ɗaure zangarniya dami-dami, ya jera a rumbun kara ko rahewar laka da aka ɗora bisa duwatsu, don tsare shi daga danshi, gara da ɓeraye. Geron da ya bushe sarai yakan yi shekaru a haka, alhali tsabar da aka zuba a buhu ta fi saurin kamuwa da ƙwari. Mai gida shi ke riƙe da ikon buɗe rumbun tsimi, kuma yakan jinkirta har damana, lokacin da noma ke buƙatar ƙarfi, hatsi kuma ya yi tsada.

Wake ya fi wuyar ajiya, domin ƙwaro yakan biyo shi tun daga gona. A da ana cuɗa shi da toka ko yashi, su cike gurbin da ke tsakanin ƙwayoyi. Daga 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai riɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, cibiyar INRAN ta Maraɗi kuma ta taimaka wajen gwajinsa. Leda biyu na ciki suna hana iska shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba.

3. Shanya da abincin daji

Rana ita ce babbar hanyar sarrafa sauran abinci: kilishi, cuku, kauɗar tumatir, gabu, busasshiyar kuɓewa da kuka. In rumbu ya ƙare, sai a koma ga jiga, tafasa, ƙarangiya da anza. Ita anza tana da ɗaci da guba. Dole a jiƙa ƴaƴanta kwanaki ana sauya ruwa kafin su zama dilo. Wanda yunwa ta sa ya gajarta jiƙon yana iya cutuwa.

4. Kammalawa

Hukuma ta kafa OPVN a 1970, daga baya bankunan cimaka suka bazu a ƙauyuka. Duk da haka, matsalar 2005 ta nuna mana cewa hatsi na iya kasancewa a kasuwa talaka ya kasa saye. Manomin da bashi ya tilasta wa sayar da amfaninsa da kaka, shi ne zai sake sayensa da tsada a damana. Saboda haka muna ganin binciken adana cimaka ya kamata ya haɗa da nazarin bashi da farashin tiya.