Cinikin wuƙaƙe da takubban ƙirar hannu a Abuja: Kuɗin ƙarfe ake biya, ko kuɗin labari?

A rumfunan sayar da kayan gargajiya na Abuja, tun daga Ƙauyen Sana'o'in Hannu da ke kusa da tsohon otal ɗin Sheraton har zuwa shagunan da ke harabar otal ɗin Transcorp Hilton a Maitama, da wuya a rasa wuƙa ko takobi rataye a tsakanin jakunkunan fata da ƙorai da kayan sassaƙa. Akwai takobin Buzaye mai miƙaƙƙen ruwa, akwai wuƙar damtse mai zoben fata da ake zura hannu a ciki, ga kuma ƙananan wuƙaƙe masu ƙotar tagulla.

Ba kasafai ake liƙa musu farashi ba. Sai an tambaya, kuma amsar takan bi shigar mai tambaya da harshen da ya yi sallama da shi. Masu sayen ma ba mahauta ba ne, ba kuma mafarauta ba. Jami'an ofisoshin jakadanci ne, da baƙin da taro ya kawo, da masu sarauta da ke neman takobin hawa, sai 'yan tsirarun masu hannu da shuni da suka mayar da tara irin waɗannan kaya abin sha'awa.

A irin wannan kasuwa, ƙarfen da ke jikin wuƙa shi ne mafi araha a cikin abin da ake biya. Abin da ke ɗaga kuɗi shi ne amsar tambayoyi uku: wa ya ƙera ta, yaushe, kuma da me? A nan ne amanar mai sayarwa take tsayawa ko ta faɗi.

Hannu uku, suna babu

Wuƙar ado ba aikin mutum ɗaya ba ce. Maƙerin baƙi ne ke dukan ruwanta a kan uwar maƙera, yawanci daga ƙarfen sifirin na tsofaffin motoci, domin yana da tauri kuma yana riƙe kaifi idan an iya shayar da shi. Maƙerin fari, wanda aikinsa azurfa da tagulla, shi ke ƙawata ƙota. Baduku kuma ya ɗinka kube, ya rina fata, ya yi mata zane. Wannan rabon aiki tsoho ne a ƙasar Hausa, kuma masani Philip Jaggar ya yi cikakken nazarinsa a littafinsa kan maƙeran birnin Kano da ya fito a 1994. A Agadas da kewayenta, maƙeran Buzaye da ake kira Inadan ke riƙe da sana'ar, matansu kuma su ne gwanayen aikin fata.

Kafin kayan ya iso Abuja, ya ratsa hannun ɗan sari da dillali da mai rumfa. Kowannensu yana da haƙƙin cin riba, domin kuɗin mota da hayar shago a babban birnin tarayya ba wasa ba ne, balle tun da aka cire tallafin fetur aka kuma saki darajar naira a 2023. Inda gizo ke saƙar shi ne, a duk tsawon wannan tafiya sunan maƙerin ne ke fara ɓacewa. Mai rumfa zai ce kaya daga Kano yake, ko daga Agadas, ko Bida, amma da wuya ya ambaci wanda ya sha zafin wutar.

A Amurka da Turai da Japan, inda kasuwar wuƙaƙen ƙirar hannu ta bunƙasa, maƙeri kan buga sunansa ko tambarinsa a gindin ruwan wuƙa, kuma wannan suna shi ne jarin. Idan mai tarawa ya sake sayar da ita bayan shekaru, maƙerin ba ya samun ko kwabo daga cinikin, amma darajar sunansa ta ƙaru, aikinsa na gaba ya ƙara tsada. Maƙerin Kano ko na Sakkwato ba shi da wannan gata. An biya shi kuɗin guminsa sau ɗaya, kuma shi ke nan.

Tsufan da ake ƙirƙira

Babbar hanyar tsawwala kuɗi ita ce a ce kaya tsoho ne. Dabarun sanannu ne: a bizne ruwan wuƙa a ƙasa mai danshi har ya yi tsatsa, a turara kube da hayaƙi, a goga wa fata mai da toka. Cikin makonni kaɗan sabuwar ƙira ta koma kamar gadon kaka da kakanni.

Abin da ke ba wannan ƙarya gindin zama shi ne akwai tsofaffin na gaske. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zauna a Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takubba kimanin 50,000 birnin a kowace shekara, akasarinsu ƙirar garin Solingen na Jamus, a yi musu ƙota da kube a Kano sannan a bazu da su. Maƙeran gida sun daɗe suna kwaikwayon tamburan Turawa da ke jikin waɗancan ruwa, musamman zanen jinjirin wata guda biyu masu fuska. Saboda haka ganin tambari kawai ba hujja ba ce. Sau da yawa ma takobi ɗaya kan haɗa zamani biyu: tsohon ruwa, sabuwar ƙota. Wannan ba aibu ba ne, domin haka aka saba sabunta takobi tun dā. Aibun shi ne a ɓoye.

Akwai kuma wani tarko da masu wannan kirari ba su cika lura da shi ba. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sanya makami ko kayan sarauta na gida da aka ƙera kafin 1918 cikin kayan tarihi. Haka kuma wanda ke da muhimmancin tarihi ko fasaha da aka taɓa amfani da shi a wani bikin gargajiya. Dokar ta hana saye ko sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fita da su waje ba tare da takardar izini ba. Ke nan mai rumfar da ya rantse cewa takobinsa ya ga yaƙi kafin zuwan Turawa ya sa kansa a tsaka mai wuya: in gaskiya ya faɗa, cinikin ya saɓa wa doka, in ƙarya ce, ya yi ha'inci. Baƙon da ya saya kuwa yana iya rasa kayan da kuɗinsa a filin jirgin Nnamdi Azikiwe.

Haka batun yake ga ƙota. Kiran ƙashin raƙumi ko na saniya hauren giwa yaudara ce. In kuwa hauren ne da gaske, cinikinsa haramtacce ne. A watan Janairun 2024, a nan Abuja, gwamnatin tarayya ta niƙe kimanin tan biyu da rabi na hauren giwa da aka kama.

Sabon salo kuma shi ne wuƙaƙen masana'anta da ake shigowa da su daga Asiya, masu zane kamar igiyar ruwa, ana kiransu ƙarfen Dimashƙa. Wasu ninkakken ƙarfe ne na gaske, wasu kuwa zanen a sama kawai yake, wasa biyu ko uku ya goge.

Ladabin da aka gada

Kasuwar Bahaushe ba ta rasa ƙa'ida ba. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a rage, har a kai ga sallama. Da zarar an ce an sallama, magana ta ƙare, ko da wani ya zo da ninkin kuɗin. Ba a shiga cinikin da wani ya fara har sai ya janye. Ba a kuma dasa ɗan kore ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba, abin da malaman fiƙihu ke kira najashi. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a faɗin Arewa, ya haramta algus da ɓoye aibun haja, kuma a mazhabar Malikiyya mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibun da aka rufe masa. Ruwan da ya tsage aka like, ko ƙotar da ke girgiza aka cusa mata tsumma, duk suna ƙarƙashin wannan hukunci.

La'adar dillali halas ce idan kowa ya san da ita. Wadda ke ɓata zumunci tsakanin masu tara kaya ita ce ta ɓoye: aboki ya raka aboki sayen takobi a matsayin masani, ya yaba kaya, ashe kasonsa na jiransa a bayan rumfa.

Wani abin da ke jawo ɓacin rai shi ne a roƙi ragi da sunan sha'awa, a ce za a ajiye a gida, washegari a ga kayan a WhatsApp ko Instagram da ninkin farashi. Shari'a ba ta hana mutum sayar da abin da ya mallaka ba, amma wanda ya yi haka sau ɗaya ba ya sake samun farashin zumunci. Masu tara kaya da suka san ya-kamata kan fara tuntuɓar wanda ya sayar musu kafin su kai kasuwa.

Shi kansa riƙon makamin yana da ladabi. Ba a zare takobin mutum daga kube sai da izininsa. Ba a shafa ruwan da yatsa, domin gumi na haifar da tsatsa. Ana miƙa wuƙa ta wajen ƙota, ko a mayar da ita kube tukuna. Hadisi ya hana miƙa takobi tsirara, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Malamai sun hana sayar da makami ga wanda aka san ɓarna zai yi da shi, hukuncin da ya ƙara nauyi a yau da faɗan daba da ƙwacen waya suka addabi garuruwan Arewa.

To, mene ne farashin adalci?

Ba wanda zai iya yanke wa aikin hannu farashi ɗaya kamar mudun gero. Wuƙar da aka yi oda, aka ba da kafin alƙalami, maƙeri ya shafe kwanaki yana gyara ta daidai hannun mai ita, ba za ta yi kuɗi ɗaya da wadda aka buga goma a yini ba. Cajin baƙo fiye da ɗan gida ma ba sabon abu ba ne, kuma ana iya jayayya a kansa. Amma akwai rata mai nisa tsakanin tsada da zamba. Wanda aka gaya wa cewa wuƙar nan bara aka ƙera ta, daga ƙarfen mota, ƙotarta ƙaho ce, ga sunan maƙerin, ya kuma yarda ya biya da tsada, ba a cuce shi ba. Wanda ya biya rabin wannan kuɗi a kan labarin ƙarya, an cuce shi.

Takubban da tarihinsu ya tabbata, irin su Gajere na Sarki Korau a Katsina, suna fada, ba sa rumfa. Abin da ke rumfunan Abuja galibi aikin maƙeran da ke raye ne, waɗanda kasuwarsu ke motsawa idan Hawan Sallah ya gabato, musamman a Kano, inda hukumar UNESCO ta sanya hawan cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024. Sabuwar ƙira irin wannan ba ta cikin kayan da dokar 1979 ta hana cinikinsu. Duk da haka, mai niyyar fita da ita waje zai fi samun kwanciyar hankali idan ya karɓi rasit mai bayanin kayan, ya nemi takardar tantancewa daga Hukumar Gidajen Tarihi, ya kuma sanya ta cikin jakar da za a auna, ba wadda zai shiga jirgi da ita a hannu ba.