Fargaba Da Ma'auninta A Asibiti

 Akwai wata cuta da ta yawaita a ƙasar Zamfara wadda ba ta fitar da ƙurji, ba ta zafafa jiki, amma tana cin mutum kamar yadda ƙwaro ke cin wake a cikin buhu. Ita ce fargabar da ta ƙetare iyaka. Mai ita ba ya samun barci, zuciyarsa tana bugawa ba tare da ya yi gudu ba, in ya zauna bakin kaya lissafi ya ɓace masa, in ya tsaya salla ya rasa raka'a nawa ya yi.

Dalilinta a Karakkai da sauran garuruwan Bungudu da Gusau da Tsafe ba ɓoyayye ba ne. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna tare hanya, suna kore shanu, suna ɗaukar mutane don karɓar fansa. A watan Fabrairu na 2021 an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A cikin shekarar nan aka rufe kasuwannin mako, aka kuma yanke layin waya a jihar. A watan Satumba na 2023 an ɗauke ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukinsu a Sabon Gida. Falken da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe ya san yadda kowa ke yin tsit a mota in an shiga daji.

To, wajibi ne a rarrabe abu biyu. Tsoron abin da ke nan tabbas hankali ne, shi ke sa manomi ya baro gona kafin la'asar. Amma Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Idan haɗari ya wuce tsoro bai wuce ba, mutum yana cikin Gusau lafiya lau amma ƙarar babur ta hana shi numfashi, har abin ya ɗauki makonni ya hana shi neman abinci, to ya zama ciwo, yana kuwa da magani.

Wannan ciwo bai tsaya ga Zamfara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da shi a 2019, sa'an nan a 2022 ta ba da sanarwa cewa ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar korona. A 2023 kuma kwamitin masana rigakafi na Amurka ya ba da shawarar a riƙa bincikar duk baligin da bai kai shekara 65 ba, ko da wani ciwon dabam ne ya kawo shi asibiti.

Binciken kuwa ba allura ba ne, ba kuma ɗibar jini ba. Tambayoyi ne bakwai da likitoci suka tsara a 2006, ana kiransu GAD-7. Akan tambayi mutum halinsa a mako biyun da suka shige: ko yana jin ɗar-ɗar, ko ya kasa tsai da tunani, ko damuwarsa ta game abubuwa barkatai, ko ya kasa sakin jiki, ko zama wuri ɗaya ya gagare shi, ko yana saurin fushi, ko yana jin kamar masifa na tafe. Kowace amsa tana da maki daga sifiri zuwa uku, gwargwadon yawan kwanakin da abin ya same shi, jimla 21. Wanda ya kai 10 shi ake zaunar da shi a ƙara dubawa.

'Yan kasuwa sun fi kowa gane wannan. Mudu yakan faɗi yawan hatsi, amma ba ya faɗin ko hatsin ya ji ruwa, sai an sa hannu. Haka tambayoyin nan, ishara kawai suke yi. Likita ne zai auna jini, ya duba maƙoshi, domin ciwon zuciya da cutar maƙoƙo sukan zo da irin waɗannan alamu. Amfanin tambayar shi ne, mutanen ƙasar nan ba safai sukan ce suna jin tsoro ba. Sai su ce kai ke sarawa, ko wani abu na yawo a jiki, a yi ta ba su maganin zazzaɓi da na taifot, kuɗi su ƙare ciwo yana nan.

Malamai kada su ɗauka wannan ilmi baƙo ne. Abu Zaidin Balhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi babi a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya lissafa su cikin cututtukan da ake jinya. A ƙasar nan kuma, a 1954 Dakta Adeoye Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, majinyata suna zaune da danginsu a gidajen mutanen gari, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne, kuma fargaba ba raunin imani ba ce, ba kuma hauka ba.

Doka ma ta sauya. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Sai dai likitocin wannan fanni a duk Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Yariman Bakura a Gusau, da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kusa da Sakkwato, amma mutumin ƙauye wurin malaminsa yake fara zuwa.

Don haka nauyin yana kan zauren malam. Wanda ya zo karɓar rubutu ya ce mako biyu bai runtsa ba, a yi masa addu'a, a kuma ce ya tafi asibiti ya faɗi abin da ke cikin ransa ba tare da kunya ba. A gargaɗe shi da sayen ƙwayar barci ko taramol a kemis, gama tana kwantar da mutum yau ta kama shi gobe. A kuma rufa masa asiri a kasuwa da masallaci.

Allah Ya kawo zaman lafiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Wasalam.