Yadda ake auna fuska kafin a haɗa haƙoran roba

Wanda haƙoransa suka zube gaba ɗaya ya bar likita da tambaya mai wuya: yaya girmansu yake a da, kuma a ina kowanne ya zauna? Dasashi ba ya ba da amsa, domin ƙashin muƙamuƙi yana ci gaba da zaizayewa bayan faɗuwar haƙori. Shi ya sa likitoci ke neman amsar a fuska.

Tsohuwar ƙa'ida ta ce faɗin haƙorin gaba na sama kusan kashi 1 cikin 16 ne na faɗin fuska, daga ƙashin kunci zuwa ɗaya ƙashin. A 1914 likita Leon Williams ya ƙara da cewa siffar wannan haƙori tana bin siffar fuska idan aka juya ta: mai kusurwa huɗu, mai tsukewa, ko mai kamar ƙwai. Faɗin hanci kuma shi ke nuna inda fiƙoƙi za su tsaya.

Sai dai a kan Turawa aka gina waɗannan ƙa'idoji. Hancin yawancin 'yan Afirka ya fi faɗi, don haka wanda ya bi ma'aunin ido rufe zai iya ɗora wa dattijo haƙoran da suka fi ƙarfin bakinsa. Ma'auni kuma bai san wushirya ba. Mai ita zai ga baƙo a madubi idan aka toshe masa ita, shi ya sa tsohon hoton da mutum ke murmushi a ciki yake da daraja a ɗakin likita.

Awon da ya fi muhimmanci shi ne tsayin cizo. Idan baki yana hutawa, akwai tazarar milimita 2 zuwa 4 tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Likita kan auna daga hanci zuwa haɓa sau biyu, a hutu da a cizo, don tabbatar da ita. In aka cinye tazarar, haƙoran za su riƙa karo yayin magana, muƙamuƙi ya yi ciwo. In ta yi yawa, haɓa ta matso hanci, gefen baki ya riƙa tsagewa.

Kafin a kammala aikin, ana jera haƙoran a kan kaki a gwada su a baki. A wannan zaman ne mai haƙori zai yi magana, ya yi dariya, ya nemi gyara, domin da zarar an mayar da kakin roba mai tauri, sauya jeri na iya nufin sake aikin daga farko, da sake biya.