Lamba 500 da Kundin da Ɗalibi Ke Mantawa da Shi

Duk ɗalibin da ya taɓa tsara fom a shafin intanet, ya yi masa gurbin suna da na adireshi, sa'an nan ya rubuta 'yar manhajar da za ta karɓi abin da aka cike ta isar da shi inda ake nufi, ya san irin faɗuwar gaban da ke samun mutum sa'ad da ya danna maɓallin aikawa, maimakon saƙon godiya sai ga farin shafi ɗauke da lamba 500. Ma'anarta a ƙa'idar HTTP ita ce sabar da ke ɗauke da shafin ta gamu da cikas a cikin gidanta, amma ba za ta fayyace illar ba, kuma hikima ce, don kada a tona asirin gida ga kowane mai wucewa.

Tun 1993, lokacin da aka assasa tsarin CGI, wanda irin wannan manhaja ke bi, a cibiyar NCSA ta Amurka, sharaɗin bai sauya ba: wajibi ne manhaja ta fara shelanta nau'in abin da za ta fitar, ta bar layi guda fayau, kana ta shiga bayani. In an manta da wannan, ko manhajar ta tsaya kafin ta kai gare shi, ko ba a ba fayil ɗin izinin aiki ba, wanda galibi lambarsa 755 ce, sabar ba ta da jawabi illa 500.

Amma illar da ta fi sa ni tausayin mai koyo ita ce wadda ido ba ya riska. Windows tana rufe kowane layi da alama biyu, Linux kuwa da ɗaya. To, idan aka rubuta manhajar da harshen Perl a Windows aka ɗora ta kan sabar Linux yadda take, sai rarar alamar nan ta maƙale a ƙarshen layin farko, wanda ke nuna mazaunin Perl, sabar ta tafi neman sunan da babu shi. Bawan Allah ya bi harafi-harafi har asuba, kome sahihi ne a idonsa.

Alhali kuwa sabar Apache tana da kundi, error_log, inda take rubuta kowane kuskure da sa'ar aukuwarsa, sau da yawa har da lambar layin da aka yi tuntuɓe. Ya kai ɗalibi, kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, buɗe kundin nan ka karanta layukansa na ƙarshe.