Kuɗin Bindiga da Kuɗin Cefane

Maganarmu ta yau, in kin ji ta, sai ki ce ta maza ce, alhali har tukunyarki take taɓawa. Shin kuɗin da gwamnati ke kashewa kan sojoji da makamai yana ƙara arzikin ƙasa, ko rage shi yake yi?

Ɗauki misali da gidanki. Maigida ya kawo kuɗin wata. In aka zuba rabinsu a katanga da kwaɗo da mai gadi, dole na cefane da na makarantar yara su ragu, jarin ƙuli-ƙulinki ma ya sha kashi. To, haka kasafin kuɗin ƙasa yake. Jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano da Nijeriya ta sayo daga Amurka, suka iso a 2021, sun ci kusan dala miliyan 500. Kin ga kuɗin nan waje suka tafi, ba su zaga kasuwarmu ba.

Akwai wata ƙaramar ƙasa a yankin Amurka ta Tsakiya, Kosta Rika. A 1948 ta rushe rundunar sojanta, ta karkata kuɗin ga makarantu da asibitoci. Yau kusan kowane baligi a can ya iya karatu da rubutu.

Sai dai kada ki ce a bar tsaro. Garin Baga da ke bakin Tafkin Chadi ya yi suna wajen cinikin busasshen kifi. Da rikicin Boko Haram ya tsananta, musamman a 2015, kasuwar ta watse, masunta suka yi hijira, kifi ya yi tsada. Inda babu kwanciyar hankali, manomi ba ya zuwa gona, 'yar aikenki ma ba ta fita.

Ashe dai maganar ta awo ce, kamar gishiri a miya. A kashe daidai buƙata, kuma kuɗin su isa hannun sojan da ke daji, kada su maƙale a aljihun wasu. Sauran a zuba su inda za su haihu: ilimi, lafiya, noma.

A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya. Don haka in ana karanta kasafi a rediyo, kasa kunne, 'yar uwa. Ranar da masu neman ƙuri'a suka aiko gidanku, ki tambaya: nawa aka ware wa asibitin haihuwa?

Allah Ya ba mu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.